Darasi: Yadda Za Mu Auna Aikin Asibiti a Kan Ciwon Kirci

Idan amfani ya shiga rumbu, da yawa daga cikinmu mukan shiga Kano. Wasu sukan je Kantin Kwari sayen atamfa da yadi domin iyali. Samarinmu kuma sukan tafi cin rani, su yi dako a Kwari ko a kasuwar Sabon Gari. A irin wannan tafiya ce akan ce wa mutum, "Tun da birni za ka, tafi da yarinyar nan a duba mata ƙurajen nan." Lokacin kuwa hunturu ne, sa'ad da fata take bushewa, kirci yake tashi.

Wata uwa a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da nake zagayawa ta sayar da gyaɗarta ta kai 'yarta wani asibiti. Da ta dawo ta ce mini, "Malam, asibitin nan yana da kyau. Allura biyu aka yi mata, ga magani har iri biyar." Na ce, "Mama, sun buɗe rigarta sun duba jikin?" Ta ce a'a, mutane sun yi yawa. Bayan mako biyu ciwo ya dawo. Ta sayi man shafawa a kemis, fuskar yarinya ta yi fari fat, da aka daina shafawa sai ƙurajen suka fi na dā. A tafiya ta uku ta je wani wuri dabam, ta dawo ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, ba su yi mata komai ba, sai tambayoyi da mai guda biyu." Amma tun daga wannan tafiya yarinyar ta fara barci da dare.

Uwar nan ta yabi wurin da bai taimake ta ba, ta kushe wanda ya taimake ta, domin mudun da take awo da shi ba daidai yake ba. Da yawanmu da mudun nan muke awo. Manufar wannan darasi ita ce mu sami mudu na gaskiya, domin kada kuɗin gumin mu ya tafi a banza, kada kuma fatar 'ya'yanmu ta lalace.

1. Mene ne kirci?

Kirci ciwon fata ne mai bushewa da ƙaiƙayi. Ga jarirai yakan fito a kumatu da kai da bayan hannu. Ga yaran da suka tasa yakan zauna a lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. A baƙar fata ba ya yin ja kamar yadda ake gani a hotunan Turawa. Wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri saboda susa. Yakan bi jini, musamman a gidan da ake da fuka ko yawan atishawa. A wasu ƙasashe yaro ɗaya cikin biyar yana fama da shi.

Ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, ba a ɗaukarsa daga wani. Ba ɗaya yake da kircin shanu da muka sani da damina ba, wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Kada a ware yaro ko a hana shi makaranta. Na biyu, ba shi da maganin da za a sha sau ɗaya ya rabu da mutum har abada. Yana lafawa, yana tashi. Yara da yawa sukan sami sauƙi in sun girma, amma kafin nan sai da kulawa ta kullum.

Akwai kuma kircin da wani abu ke jawowa in ya taɓa fata: siminti, takin zamani, maganin feshi, garin sabulu, takalmin roba, ɗan kunnen ƙarfe, baƙin lalle na kanti, da rinin wasu yadudduka. Ɗan dako da ke ɗaukar dilar yadi a wuya cikin gumi yana iya samunsa. Wannan iri ba ya barin mutum sai an gano abin da ke kawo shi.

2. Cututtukan da suke kama da shi

Dalilin da ya sa dole a duba fata da ido shi ne, akwai cututtuka huɗu da mukan rikita da kirci.

Ƙazuwa tana ƙaiƙayi da dare, tana fitowa a tsakanin yatsu, kuma tana bin gida. Sai an yi wa kowa a gidan magani a lokaci ɗaya.

Makero yakan yi zobe, bakinsa ya tashi. Idan aka shafa masa man kirci, sai ya ɓuya na ɗan lokaci ya kuma bazu.

Ƙyasbi tabo ne fari ko baƙi a ƙirji da baya da wuya, ba ya cika ƙaiƙayi. A Nijeriya mutane sun saba kiransa "ezima" da Turanci, alhali a bakin likita wannan suna na kirci ne. Saboda haka mutum yakan shiga kemis ya nemi maganin ezima, a ba shi abin da ba na ciwonsa ba.

Kuturta takan fara da tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Wanda ya ɓata shekara yana shafa mai a irin wannan tabo yana iya rasa yatsunsa.

3. Wuraren da mukan je a Kano

Ciwon kirci ba na kwanciya ba ne. Aikin sashen sha-ka-tafi ne, wato inda ake yankar kati, a ga likita, a karɓi magani, a koma gida. Daga Kantin Kwari, Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata ba shi da nisa. Akwai asibitin cututtuka masu yaɗuwa a Fagge. Akwai Asibitin Hasiya Bayero na yara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan titin Zariya, kuma akwai likitocin fata a can. A Ungogo akwai asibitin Yadakunya da aka fi sani da Bela, wanda ya daɗe yana aikin kuturta da ciwon fata tun zamanin mishan na SIM. Ban da waɗannan akwai asibitocin kuɗi da yawa a Fagge da Sabon Gari, da ƙananan asibitocin da ke kusa da ƙauyukanmu.

Ba aikin wannan darasi ba ne ya ce wannan ya fi wancan. Ma'aikata suna sauyawa, kaya suna zuwa suna ƙarewa. Ku ne za ku auna da kanku. Ku sani kuma likitocin fata kaɗan ne a ƙasar nan, yawancinsu suna manyan asibitocin birni. Mafi yawan masu kirci ba sa bukatarsu. Nas ko malamin asibiti da ya san aikinsa ya isa, muddin ya san lokacin da zai tura mutum gaba.

4. Mudu uku

A 1966 wani likita mai suna Avedis Donabedian, malami a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya nuna cewa ana auna aikin asibiti ta hanya uku: kayan da ake da su, yadda ake aikin, da abin da ya fito daga aikin. Har yau da wannan tsari ake amfani a duniya. Manomi ba zai sha wuyar gane shi ba. Idan ka je duba gonar wani, kakan dubi ƙasa da iri da garma, ka dubi yadda aka yi shuka da noma, sa'an nan ka dubi damin da aka ɗaure.

Mudu na farko: kayan aiki

Akwai haske a ɗakin likita? Ba a iya duba baƙar fata a cikin duhu. Akwai labule ko ƙofa, yadda mace za ta buɗe jikinta ba tare da kunya ba? Akwai ruwa da sabulu na wanke hannu? Ana ajiye katin mara lafiya, a same shi in ya dawo? Akwai maganin a ɗakin magani na asibitin, ko kuwa kullum sai a ce ka je waje? Man kirci mai sauƙi da ake rubuta wa hydrocortisone 1%, da mai ƙarfi da ake rubuta wa betamethasone, duka suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lalle a same su. An kafa farashi a bango, ana kuma ba da rasit? Tsayin bene da fentin bango ba sa cikin wannan awo.

Mudu na biyu: yadda ake aiki

Wannan shi ne babba. Ga tambayoyi goma. Kowace "i" maki ɗaya ne.

1. An buɗe tufa an duba fata da ido, har da tsakanin yatsu da kai?
2. An tambayi yaushe ciwon ya fara, da ko wani a gida yana ƙaiƙayi ko yana da fuka?
3. An tambayi sana'ar mutum da abubuwan da yake taɓawa?
4. An tambayi man da aka riga aka shafa? Ku tafi da kwalayen a nuna.
5. An faɗi sunan ciwon da harshen da ka gane?
6. An yi bayanin man laushin fata na kullum?
7. An faɗi inda za a shafa man magani, da yawansa, da ranar da za a daina?
8. An faɗi alamun da za su sa a dawo da gaggawa?
9. An ba da ranar dawowa?
10. An saurare ka da mutunci, an bar ka ka yi tambaya?

Domin ku iya ba da maki daidai, ga abin da bayani mai kyau ya ƙunsa. Tushen maganin kirci shi ne mai na laushin fata marar turare, kamar basilin ko man kaɗanya mai tsabta. A shafa a dukan jiki aƙalla sau biyu a rana, musamman da an fito wanka kafin jiki ya bushe, ko da ciwon ya lafa. Ba ɗan lakuce ake nufi ba. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2007 ta ce yaro mai kirci yana bukatar giram 250 zuwa 500 a mako. A bar dirza jiki da soso, a bar sabulu mai magani da ruwa mai zafi ƙwarai, a yanke farce. In za ku yanki yadi a Kwari domin mai kirci, ku nemi na auduga zalla, ku bar na roba, ku kuma wanke sabuwar tufa kafin a sa.

Man magani kuwa, wanda likitoci ke kira sitiroyid, a wurin ciwon kaɗai ake shafa shi, sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci na mako ɗaya ko biyu. Mai sauƙi ne na fuska da na jarirai. Awonsa a yatsa yake: abin da ka matso daga kan manuniyar babban mutum zuwa gaɓa ta farko, kamar rabin giram ke nan, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Kada a ji tsoronsa in an bi ƙa'ida, gama rashin shafa isasshe ma yana sa ciwo ya ƙi lafawa.

Ku lura da alamun aiki marar kyau. Idan aka rubuta magani ba a dubi fata ba. Idan kowace tafiya sai allura ko ƙwayar sitiroyid ta sha. Waɗannan suna kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa muke yabonsu, amma ciwon yakan dawo da ƙarfi, kuma yawan amfani da su yana kumbura fuska, ya tā da sukari da hawan jini. Idan aka ba jariri man nan mai haɗi uku da ya cika kemis, wanda a jikin kwalinsa za ku ga clobetasol ko betamethasone haɗe da wasu magunguna biyu. Daɗewa ana shafa shi yana sa fata ta yi fari, ta yi siriri, ta yi nankarwa. Idan aka hana yaro ƙwai da madara da gyaɗa haka kawai ba tare da bincike ba. Wannan yana iya kawo tamowa, ciwon kuma yana nan. Idan wani ya yi alkawarin zai raba ka da kirci har abada, riƙe kuɗinka.

Game da sayen magani, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kwali. Ku tuna a 2024 hukumomi suka rufe shagunan sarin magani na Sabon Gari, suka umarci 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, inda za a iya sa ido a kan ingancin magani. Araha ba ta ado.

Alamun gaggawa su ne: mugunya ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, zazzaɓi, ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi da suka fito a tare suna bazuwa da sauri, ciwo kusa da ido, ko ciwon ya rufe kusan dukan jiki. A irin wannan hali kada a jira ranar kasuwa.

Mudu na uku: abin da ya fito

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganin yaro na 'yan mintoci, uwa ce take kwana da shi. A 2004 likitoci a Nottingham ta Ingila suka fitar da wani awo mai suna POEM, wanda mara lafiya ko uwarsa ke cikawa. Ana duba kwana bakwai da suka wuce, a tambayi kwana nawa aka sami kowanne daga cikin abubuwa bakwai: ƙaiƙayi, rashin barci, zubar jini, tsatsar ruwa, tsagewar fata, ɓarewar fata, da bushewa. Idan babu ko kwana ɗaya, maki 0. Kwana 1 ko 2, maki 1. Kwana 3 ko 4, maki 2. Kwana 5 ko 6, maki 3. Kullum, maki 4. Jimla ba ta wuce 28. Daga 0 zuwa 2 ciwo ya lafa. Daga 3 zuwa 7 mai sauƙi ne, 8 zuwa 16 matsakaici, 17 zuwa 24 mai tsanani, 25 zuwa 28 mai tsanani ƙwarai.

A nan ƙaramin maki shi ne mai kyau. Ku cika awon ranar da za a tafi asibiti, ku sake bayan mako biyu, ku sake bayan mako shida. Na mako shida ya fi muhimmanci, domin allura ma tana saukar da maki a mako biyu. Idan an bi umarni sosai amma maki bai sauka ba, a koma, a nemi takardar turawa zuwa likitan fata.

5. Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Labarin mutum ɗaya bai isa a yanke wa asibiti hukunci ba, kamar yadda zangarniya ɗaya ba ta nuna albarkar gona. Saboda haka kowace ƙungiya ta sayi littafi ɗaya, ta ba magatakarda, tare da mace ɗaya daga zumuntar mata wadda za ta riƙa jin bayanin mata. Duk wanda ya dawo daga asibiti a rubuta: ranar tafiya, sunan asibiti, awa nawa aka jira, makin tambayoyi goma, makin POEM sau uku, da dukan kuɗin da aka kashe, har da na mota da abinci da ranar aikin da aka rasa. Kada a rubuta sunan mara lafiya, lamba ta isa.

Bayan wata shida a karanta littafin a taro. Wataƙila ku ga ƙaramin asibitin da ke kusa da ku yana yin abin da kuke biyan mota zuwa Kano dominsa. Wataƙila ku ga wani wuri yana da ma'aikata nagari amma ba magani. Sa'an nan sai ku san abin da za ku roƙa. Ƙungiya tana kuma iya sarin basilin ko man kaɗanya kafin hunturu, kamar yadda muke sarin taki, a raba wa gidajen da suke bukata.

Yin tambaya a asibiti ba rashin kunya ba ne. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya. A cikinta akwai haƙƙin samun bayani da harshen da mutum yake ji, da sanin kuɗin da zai biya, da rufin asiri, da kai kuka. A watan Mayu na 2025 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa cututtukan fata suna cikin manyan al'amuran lafiyar jama'a. Idan kuna da kuka, ku kai wa shugaban asibitin, ko kwamitin lafiya na mazaɓarku, ko ofishin SERVICOM a asibitocin tarayya. Ku tafi mutum biyu ko uku, da littafinku a hannu, ku fara da gaisuwa da abin da kuka gani mai kyau. Ma'aikacin da layi ya cika masa ƙofa tun safe ba abokin gāba ba ne. Inda aka yi muku aiki nagari, ku rubuta takardar godiya.

Mu ma muna da namu rabon. Idan aka ce mu dawo ba mu dawo ba, ko muka bar shafa mai da ganin sauƙi, ko muka ɓoye abin da muka saya a kemis, bai kamata mu ɗora wa asibiti laifi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa uwar da ke cikin labarin ta fi yabon asibiti na farko? Mun taɓa yin haka?
2. Ta yaya za a bambanta kirci da ƙazuwa da ƙyasbi da tabon kuturta?
3. A cikin tambayoyi goma, wanne ne aka fi tsallakewa a wuraren da muke zuwa?
4. Waɗanne abubuwa ne muke taɓawa a gona da gida da za su iya tā da kirci?

Aikin yi kafin taro na gaba

Kowane ɗan ƙungiya ya tattaro kwalayen man shafawa da suke gidansa ya kawo, a karanta abin da aka rubuta a jikinsu tare da malamin asibiti na kusa. Magatakarda ya ja layuka a littafi, ya kwafe tambayoyi goma a ƙananan takardu, domin duk mai tafiya asibiti ya sa ɗaya a aljihu.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun sadu a darasi na gaba.